Me Ya Sa Malam Zurƙe Ya Ƙi Fita Daga Zukatanmu?

Shirinmu na yau na masu sha'awar rubuta ƙagaggen labari ne, musamman waɗanda yanzu suka fara riƙe alƙalami. Ko da yake in ce suka fara latsa waya, tunda yawancin sababbin marubutanmu a waya suke rubutu, su watsa a WhatsApp da Wattpad. Zancen taurari za mu yi, wato mutanen cikin labari, da yadda ake gina su har mai karatu ya rantse ya taɓa ganinsu a unguwarsu.

Kwanakin baya na zauna na karanta labaran sababbin marubuta da dama. Jama'a, kamar yarinya ɗaya ce ake ta sauya wa suna. Doguwa ce, fara sol, dara-daran idanu, gashi har gadon baya, ga ladabi, ga haƙuri kamar damo. Saurayin kuwa miskili, ɗan attajiri, ya dawo daga karatu a ƙasar waje, ba ya murmushi sai an kai babi na talatin. Da na gama, na nemi sunan ko ɗayansu a kaina, na rasa. Amma Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wanda na haɗu da shi tun ina firamare, yana nan daram.

A gurguje, ga inda ya fito. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Abin da nake so ku riƙe shi ne, Abubakar Imam da ya rubuta Ruwan Bagaja an haife shi a 1911, yana malamin makaranta a Katsina lokacin gasar. Shekararsa 22. Sabon marubuci ne, kamar ke, kamar kai.

To, ku tuna haɗuwar Alhaji Imam, tauraron Ruwan Bagaja, da Malam Zurƙe. Alhaji Imam ya sauka wani gari yana cin abinci da malanta, alhali ba karatun. Sai ga Zurƙe, wanda shi ya yi karatun, ya zo zai tona masa asiri. Aka tara jama'a. Alhaji Imam ya zana wani ɗan lanƙwasasshen abu a ƙasa, ya nemi Zurƙe ya faɗi mene ne. Zurƙe, da yake kansa cike yake da allo da tawada, ya shiga lissafo haruffan Larabci masu kama da zanen, ɗaya bayan ɗaya. Duk aka ce bai ci ba. Ashe jinjirin wata ne! Mutanen gari suka duba, suka ga lallai haka wata yake tsayuwa, suka yi wa mai ilimin ature.

Na daɗe ina juya wannan wurin a raina. Ku lura, iliminsa ne ya kayar da shi. Da Zurƙe jahili ne, da wataƙila ya canka. Marubucin bai tsaya yana yi mana bayanin cewa wannan mutum yana ji da karatunsa ba, sai ya ajiye shi a gaban taro, ya ba shi tambaya, muka ga halinsa da idonmu. Daga ranar kuma Zurƙe ya samu abin da yake nema a duniya: ramuwa. Gari ya bi gari suna haɗuwa, wannan ya shirya wa wancan gadar zare, wancan ya rama. Tambayi duk wanda ya karanta littafin, Zurƙe dogo ne ko gajere? Da wuya ya tuna. Amma ya san abin da Zurƙe zai yi in ya hango Alhaji Imam a kasuwa.

Shi kansa babban tauraron fa, maƙaryaci ne, ɗan damfara. Duk da haka muna bin sa, domin mun san abin da ya fitar da shi daga Kwantagora: an kunyata mijin mahaifiyarsa a fada saboda ya ambaci ruwan Bagaja, shi kuma ya ɗaura niyyar sai ya kawo ruwan nan. Ga buƙata, ga aibi, a jikin mutum ɗaya. Buƙata da aibi, masu sauraro. Yarinyar nan mai gashi har gadon baya, me take so? Me take ɓoyewa? Wa take jin haushi, ba ta iya faɗa? In marubuciyar ba ta sani ba, mu ma ba za mu sani ba.

Sai kuma baki. Kakanninmu mata sun riga malaman jami'a gane wannan. In tsohuwa tana tatsuniya ta iso kan Gizo, ba ta buƙatar ta ce ga mai magana. Tsamin bakinsa ya isa: da ka ji “saiki” a maimakon “sarki”, ka san mijin Ƙoƙi ya iso. Amma a littattafan da na karanta, direban Adaidaita, da likita, da kaka 'yar shekara tamanin, duk Hausarsu ɗaya, ta marubucin. Ina tsohuwar da za ta kira surukinta da sunansa gatsau? Ina Basakkwacen da zai yi magana sak Bakano? Ɗan fari ma uwa ba ta faɗin sunansa, sai ta sakaya. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ke sa mai karatu ya gyara zama. Ga gwaji mai sauƙi: ɗauki shafin da taurarinka ke hira, ka rufe sunayensu da yatsa, ka karanta wa ƙanwarka da ƙarfi. In ta kasa gane mai magana, da sauran aiki.

Na so in daɗe kan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, amma ina ganin agogo. A Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, Rabi uwar 'ya'ya tara ce. Mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi. Rabi ba ta zauna kuka har ƙarshen littafi ba, ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe yaranta. Lissafin cefane, da kuɗin makaranta, da abin da dangi za su ce, su suka sa matan Kano suka ga kansu a jikinta. Har Indiya labarin ya kai, inda aka buga fassararsa ta Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi, a 2012.

Saboda haka ga aikin gida. Gobe da safe je ka teburin mai shayi, ke kuma in kin je gidan kitso ko gidan suna, ki kasa kunne. Wa ke katse mutane? Wa ke rantsuwa kafin a ƙaryata shi? Wa ke yabon kishiyarta da bakin da kowa ya san zagi ne? A rubuta a ajiye. Sai dai a yi hattara, kada a kwaso maƙwabciya sukutum a zuba a littafi, a jawo sammaci. A ɗauki tafiyar wannan, da bakin waccan, da rowar wancan, a haɗa.

Akwai batun zaɓen suna, akwai na mugun tauraro da ake yi masa baƙin fenti har ya daina kama da ɗan Adam. Ga mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu, dole mu bar su sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.