A Jarraba Yaro Da Ɗan Jari Tun Kafin Ya Balaga

Kwanan baya wani bawan Allah ya same ni bayan sallar La'asar da tambaya. Ya ce ɗansa mai shekara 9 ya matsa masa lamba a kan yana son kafa teburin alewa da biskit a ƙofar gida, shi kuwa yana tsoron kada son kuɗi ya shiga zuciyar yaron tun da wuri. Na ce da shi, Alhaji, son kuɗi ba ya jiran izninka kafin ya shiga. Abin da ya rage maka shi ne ya shiga tare da ilmi.

Asalin wannan magana yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 6, inda Allah Maɗaukakin Sarki Ya umarci waliyyai da su riƙa jarraba marayu, kada su miƙa musu dukiyarsu sai sun balaga kuma an ga shiriya a tare da su. Imam Ƙurɗubi, wanda ya rasu a shekara ta 671 bayan Hijira, ya kawo cikin tafsirinsa cewa jarrabawar ita ce a ba yaro wani ɗan abu kaɗan ya juya, waliyyi yana lura da shi. To, in an yi wa maraya wannan tanadi, ina ga wanda ubansa yake raye?

Malamanmu na Malikiyya sun daidaita al'amarin. Shaihu Halil ya nuna cikin Muhtasar cewa ciniki yana ƙulluwa daga yaro mai wayo, watau wanda yake fahimtar magana yana mayar da jawabi, amma ba ya lizimtarsa sai da yardar waliyyinsa. Saboda haka uba yana da ikon zartarwa ko warwarewa in an cuci yaron.

Abin da ya kamata ya fara sani shi ne bambancin uwar kuɗi da riba. In ka ba shi naira 3,000 ya saro kaya, ya sayar a kan 3,600, sa shi ya ƙirga da hannunsa, ya ware 3,000 gefe guda, sa'an nan ka gaya masa wannan ba a taɓa ta. Manya da yawa sun karye ne domin ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu haka. A nan ma sai a yi hattara da harshe: abin da Bahaushe yake kira riba halal ne, shi ne ribhu a Larabci. Riba ta Larabci kuwa, wadda Alƙur'ani ya haramta, ita ce muke kira kuɗin ruwa. Na sha ganin ɗalibai sun rikice a kan wannan.

Sai kuma gaskiya. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen. Ranar da biskit ya farfashe cikin leda, ranar ce za a ba yaro wannan labari, a sa shi ya nuna wa mai saye kafin ya karɓi kuɗi. In an bar masa canji bisa mantuwa, ya bi mai shi da gudu. In ya ba da bashi, ya rubuta, ko da naira 50 ce.

Amma kada wani ya ɗauki maganata ya kafa hujja da ita a kan talla. Yarinyar da aka ɗora wa tire tun safe, ta yi ta yawo tasha-tasha har bayan Magariba, makaranta ta wuce ta, kuɗin kuma a karɓe ba ta san lissafinsu ba, wannan ba koya mata ake yi ba, ci da guminta ake yi, ga haɗarin da kowa ya sani.

Da Alhajin ya tashi tafiya na ƙara masa da sharuɗɗa: teburin ya tsaya inda idon mutanen gida yake kaiwa, a buɗe shi bayan an taso daga makarantar allo, a rufe in an kira salla. Daren Juma'a kuma su zauna su biyu su yi lissafi, yaron ya fitar da sadaka daga ribarsa, ya zaɓi wanda zai ba da kansa.