Jirgi Yana Sama, Labari Yana Ƙasa

Matuƙin da ke shawagi bisa dajin Kamuku a ƙasar Birnin Gwari yana hangen taron mutane, amma ba ya iya rarrabe manomi da ɗan fashi. Sai na ƙasa sun gaya masa, su kuwa sai sun saurari masu unguwa.

Ran 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam bisa masu Maulidi a Tudun Biri, cikin Igabi, maƙwabciyar Birnin Gwari. Aƙalla mutum 85 suka rasu.

Turawa ma sun sha wannan ɗaci. A 1977, a tsibirin Tenerif, wani matuƙi bai fahimci mai hasumiya ba, jirage biyu suka yi karo, mutum 583 suka halaka. Daga nan aka soma horar da ma'aikatan jirgi tare, a koya wa ƙarami ya yi magana, babba ya saurara.

Muna roƙon hukuma ta riƙa tara matuƙa da sojan ƙasa da masu kawo labari aji guda, su san juna tun jirgi bai tashi ba. Gama bam in ya sauka, ba ya komawa.