Baba Ladan Ya Tafi, Wa Zai Ɗauki Digarsa?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini don in yi ta'aziyyar wani dattijo na ƙauyenmu da ke Jihar Jigawa, wanda Allah ya yi wa rasuwa bayan girbin bana. Kowa Baba Ladan yake ce masa, har jikokinsa. Bai san shekarunsa ba, amma ya kan ce an haife shi lokacin yaƙin Hitila, ka ga ke nan ya haura tamanin.

Ni dai tun da na yi wayo muryarsa ke tashe mu da asuba. Kafin a sayo lasifika, kan wani guntun bango yake hawa ya yi kiran salla, ko ana ruwa ko ana hunturu. Amma ba ladancin ne ya sa na ɗauki biro ba. Aikin maƙabarta ne.

Da zarar an yi rasuwa a garinmu, kafin mata su gama salati Baba ya iso da karan dawa ya auna mamaci, ya saɓa diga da shebur ya nufi bayan gari. Shi zai haƙa uwar kabari, ya fitar da 'yar, ya sa yara su saro itace, a kwaɓa ƙasa. In namiji ne ya dawo ya yi masa wanka, ya yanka likkafani. Bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Ranar da mahaifina ya rasu na ƙunsa 'yan kuɗi na kai masa da daddare, sai ya ce, "Yaro, kai wa uwarka ta sayi gishiri, ni akwai mai biyana." Wallahi kunya ta sa na kasa ɗaga kai.

Wanda ya ga shekarar sanƙarau, wato 1996, ya san abin da nake faɗa. Ina ɗan saurayi lokacin. Mutane na gudun gidan da ciwon ya shiga, shi kuwa can yake kwana, in ta Allah ta kasance ya yi sutura. Akwai ranar da ya haƙa kabari uku kafin la'asar, bakinsa da azumi. Haka kuma da ambaliyar 2022 ta ci gefen maƙabartarmu, tsoho ne tukuf, amma shi ya riƙa nuna mana da sanda, nan wane ne, can wance ce, muna zuba ƙasa. Babu littafi, babu allo, duk a kansa suke.

Gidansa ma abin a faɗa ne. Gona ɗaya gare shi, gero da wake, sai ɗan saƙar igiya da yake kaiwa kasuwa. Da wannan ya riƙe 'ya'yansa da marayun ƙanensa huɗu, ya aurar da su, har yau baƙo ba ya iya bambance ɗan ciki da ɗan riƙo. Da matarsa ta makance a ƙarshen rayuwarta, shi yake ɗebo mata ruwa ya kai ta bakin ƙofa ta sha hantsi. Wasu na yi masa dariya, wai mijin tace. Ko a jikinsa. Ba na ce ba shi da laifi ba, mutum ne mai faɗa, in ka taka kabari da takalmi sai ka gwammace kiɗa da karatu.

To jama'a, ga inda gizo ke saƙar. Ranar jana'izarsa mun fi awa guda muna tsaye da makara, don samarin da suka yi haƙan sun kasa daidaita 'yar kabarin, sai da aka ɗauko wani dattijo a babur daga ƙauyen gaba. Mutumin da ya shekara sama da hamsin yana suturta mutane, shi ne nasa ya so ya gagara. Laifinmu ne, har da ni. Sau nawa yana ce mana mu zo mu koya, mu ce sai mun dawo daga kasuwa.

Saboda haka ina kira ga limamanmu na karkara da su ware ko da rana ɗaya a wata, bayan sallar la'asar, a koya wa samari wankan gawa da haƙa kabari a aikace, matan aure kuma a samu malama ta koya musu nasu. 'Yan agaji da ke tsare sahu ranar Juma'a da Idi su ma su shigo ciki. Mu kuma 'yan tireda, a ajiye asusu a masallaci don likkafanin marasa hali da gyaran makara.

Mu biyar mun fara zuwa wurin dattijon nan na ƙauyen gaba kowace Alhamis. Digar Baba tana nan a zauren masallaci, ƙotarta ta tsage, na ɗauki nauyin sake ta ranar kasuwa mai zuwa.

Allah ya jiƙan Baba Ladan, ya sa ya huta, amin.

Naka,
Wani manomi ɗan tireda,
Jihar Jigawa.