Ƙarfin Inji ko Riƙon Ƙasa: Ina Kuɗin Farko Za Su Tafi?

Saurayin da ya mallaki tsohuwar Civic, ko Golf, ko Corolla, kuma yake marmarin shiga tseren masu sha'awa, da wuya kuɗinsa su ishe shi komai da komai a tashi ɗaya. Dole ya zaɓa. Ko dai ya buɗe bonet ya ƙara wa inji ƙarfi, ko kuma ya leƙa ƙarƙashin motar ya kashe kuɗin a kan taya, birki, shokozoba da kayan kare rai. Galibin masu farawa hanya ta farko suke bi. A ganina ta biyu ce daidai, amma masu son inji ba su rasa hujja ba, kuma ya kamata a saurare su.

Ƙaramar mota an ƙera ta ne don tsimin mai da kai yara makaranta. Citroën C1 ta farko silinda uku gare ta, injinta bai cika lita ɗaya ba, ƙarfinta doki 68. Wanda ya take totur ɗinta a miƙaƙƙiyar hanya, wata mota ta wuce shi fuu, ba abin da zai faɗo masa a rai sai inji. Ga shi kuma aikin inji ba ya ɓuya. Ka sa turbo yau, gobe ka ji motar tana manna ka da kujera, abokai su ji kukan salansa tun daga nesa. Idan tseren da mutum yake nufi shi ne na miƙe, na mita 402 ɗin nan da Amurkawa suka shahara da shi, to lallai inji ne babba.

Sai dai yawancin tseren masu sha'awa ba miƙe ba ne. Fili ne mai kwana-kwana, ana zagayawa, kuma a gaban kowace miƙaƙƙiya akwai kwanar da dole a rage gudu kafin a shige ta. A nan lissafi yake juyawa. Idan gudun mota ya ninka sau biyu, zafin da birki zai sha kafin ya tsayar da ita sau huɗu yake ninkawa. Wannan zafi yana ratsawa har cikin man birki. Sabon mai na DOT 3 an tsara shi ya jure aƙalla digiri 205 kafin ya tafasa, na DOT 4 kuwa 230. Amma man birki yana zuƙar danshi daga iska, kuma idan ya tsufa ma'aunin yakan sauko zuwa wajen 140 ga na farko, 155 ga na biyu. Da ya tafasa sai ya yi kumfa, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota ko a jikinta. Tsohuwar motar da aka shekara da shekaru ba a canza mata man birki ba, zagaye kaɗan za ta yi a fili ta kai wannan hali, ko da injinta yana nan yadda kamfani ya yi shi. To ina ga an ƙara mata gudu? Kuɗin sabon mai da takalman birki masu jure zafi kuwa ba su kai ko kusa da kuɗin turbo ba.

Shi turbo ɗin ma ba ya zuwa shi kaɗai. Kuloci da aka yi wa doki 100 zai fara zamewa idan aka ɗora masa 150. Lagireto zai kasa sanyaya inji. Gaskit na iya ƙonewa, fistin na iya narkewa idan ba a daidaita kwamfutar inji da kyau ba, ko fetur bai da inganci. A gyara wannan, wancan ya ɓalle. Ƙarshenta mota tana gareji wata da watanni, mai ita yana zarya wajen bakanike, alhali a fili ya kamata a ce yana koyon tuƙi. Wannan asarar lokaci ta fi asarar kuɗin ciwo, domin a shekarar farko ba motar ce take hana gudu ba, direban ne.

Mu dawo kan taya, don a nan maganar take da nauyi. Duk girman mota, abin da yake taɓa ƙasa daga kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ta waɗannan wurare huɗu ake tashi, ta nan ake tsayawa, ta nan ake shan kwana. Inji yana taimako a ɗaya daga cikin ukun nan, taya mai kyau tana taimako a dukkansu. Ƙari a kan haka, akasarin ƙananan motoci da tayoyin gaba suke ja, wato tayoyin da suke juya mota su ne kuma suke ɗaukar ƙarfin inji. Ka ƙara musu ƙarfi ba ka ƙara musu riƙo ba, sai ka fito daga kwana taya tana murzawa a banza, hancin mota yana neman bakin hanya, kana juya sitiyari ba ta bi. Idan shokozoba ta mutu ma, ko sabuwar taya ba za ta zauna a ƙasa ba, tsalle za ta riƙa yi. Mai sayen tayar gwanjo kuma ya duba lambobi huɗun da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa da shekaru ko da zanenta bai cinye ba.

Masu shirya irin waɗannan gasanni sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan muhawara, kuma a cikin dokokinsu ake gani. A 2006 Jay Lamm ya fara gasar 24 Hours of Lemons a Kalifoniya, da sharaɗin kada kuɗin sayen mota da gyaranta su wuce dala 500. Amma ba a lissafa birki, taya da kayan tsaro a cikin wannan kuɗi, a nan kowa ya kashe iya ƙarfinsa. A Ingila ana tseren awa 24 da C1 ɗin nan mai doki 68, har a filin Silverstone, kuma doka ta hana ƙara wa injinta ƙarfi. Ƙungiyar SCCA ta Amurka, wadda aka kafa a 1944, tana shirya gasar zagaye robobi a manyan filayen ajiye motoci, mota ɗaya bayan ɗaya, ana auna lokaci. A ajin motocin da ba a sauya su sosai ba, an yarda a canza taya da shokozoba, amma wanda ya liƙa turbo sai a ɗaga shi zuwa ajin motocin da aka narka wa dukiya, inda ba shi da ta cewa. Don haka kafin a ɗauki sifana, a fara karanta littafin dokar gasar da ake son shiga.

Akwai kuma gudun da ake samu kyauta: rage nauyi. Cire kujerun baya, safaya taya, kafet da lasifikoki, idan doka ta yarda. Colin Chapman, wanda ya kafa Lotus, da tsohuwar Austin 7 ya fara a 1948, kuma a kan rashin nauyi ya gina sunan kamfaninsa. Juriya ma tana cin tsere. Fijo 504 da kowa ya sani a ƙasar nan, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, a wannan shekarar ce Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, a hanyar da take karya motoci kafin su kai ƙarshe.

Batun kare rai kuwa ba ya cikin abin da ake yi wa ciniki. Kejin ƙarfe, kujerar tsere, bel mai kafaɗa biyu, hular kwano da abin tallafe wuya, tare suke aiki. Dale Earnhardt, gwarzon gasannin hukumar tseren motoci ta NASCAR, raunin gindin kai ne ya yi ajalinsa a Daytona a watan Fabrairun 2001, kuma kafin shekarar ta ƙare aka wajabta abin tallafe wuya a manyan gasannin hukumar. Bel mai ƙarfi yana riƙe jiki, amma kai yana ci gaba da tafiya idan ba a ɗaure shi ba. Haka kejin da yake ceton mai hular kwano yana iya fasa kan wanda ya shiga gari da motar ba hula. Wasan mota da wasu samari suke yi a titi ranar biki, jama'a tsaye a gefe, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan kariya, kuma bai cancanci a kira shi tsere ba.

Ba ina cewa a yi watsi da inji ba. Haƙƙinsa a farko shi ne lafiya: baƙin mai mai kyau kuma cikakke, domin a doguwar kwana mai yakan gudu gefe guda, sabbin fulogi, lagireto mai tsabta, bel ɗin inji da robobin ruwa waɗanda ba su tsufa ba. Lokacin ƙarin ƙarfi zai zo, kuma agogo ne zai faɗa. Ranar da direba ya ga yana zagaya fili sau da yawa lokacinsa kusan ɗaya, ya daina kuskuren wurin taka birki, kuma a miƙe kaɗai ake wuce shi, a ranar kuɗin inji suka halatta. Kafin nan, ɗan'uwa mai ƙaramar mota, canza man birki, sayi taya huɗu masu kyau da hular kwano mai inganci, ragowar kuɗin ka biya kuɗin shiga fili da su.