Ƙasar Laka a Tsakar Gida: Yadda Ake Lallashinta Ta Ba da Ganye

Dar Salam unguwa ce a yammacin Omdurman, gaba da Umbadda da kasuwar Libiya, kuma Hausawa na daga cikin mazaunanta. Yaƙin da ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa gidaje, ya tsawwala farashin cefane, har iyalai da yawa suka dogara da tukwanen sadaka na unguwa, waɗanda ake kira takaya. Sojoji sun karɓe birnin a shekarar 2025, jama'a suka fara komawa. Wanda ya dawo da aljihu wayam, taku biyar na lalo da kuɓewa a tsakar gida ba ado ba ne a wurinsa, miyar 'ya'yansa ce.

Sai dai ƙasar ba ta cika ba da haɗin kai ba. A wuraren da ke da kwari, inda ruwan damina ke kwanciya, laka ce mai nauyi. Da rani ta bushe ta tsattsage, fartanya ta riƙa tsalle a kanta; ruwa na taɓa ta ta kumbura, ta zama taɓo mai kama takalmi. 'Yar'uwar baƙar ƙasar Jazira ce, wadda aka shimfiɗa wa noman auduga bayan kammala madatsar Sennar a 1925, inda kakanninmu da suka biyo hanyar hajji, da zuriyar mutanen Mai Wurno, suka zubar da gumi. Manoman can sun daɗe da sanin sirrinta: ta tsagogin nan ruwa ke shiga, da zarar sun rufe kuwa sai ya tsaya a sama. Ba ƙasa ce matalauciya ba, tana riƙe ruwa da abincin shuka fiye da jigawa. Abin da ta rasa iska ne da ruɓaɓɓen taki.

Kuskuren da muka fi gani, mu ma mun taɓa yin sa, shi ne zuba yashi. Mun sayi kura guda, muka gauraya, muka ba da ruwa, bayan mako biyu fangalin ya zama kamar daɓe. Da mun yi tunani, ai da laka da ɗan yashi ake buga tubali. Yashi kaɗan cike 'yan ƙofofin laka yake yi. Wanda zai sauya halinta kuwa ya fi ƙarfin aljihun talaka. Haka ma toka, wadda iyayenmu mata ke zubawa da kyakkyawar niyya. Ƙasar nan dama mai kanwa ce, toka ƙara mata kanwar take yi, sai ka ga ganye ya yi rawaya alhali yana shan ruwa.

Maganin yana kusa. Kasuwar dabbobi ta Muwailih tana nan yamma da Omdurman, kuma gidaje da yawa ba su rasa akuya ko jakin kura. Amma kada a zuba kashin dabba ɗanye, yana ƙone saiwa, yana kawo ciyawa. A haƙa rami a inuwa, a jera taki da ɓawon gyaɗa, da ƙaiƙayi, da ragowar ganyen kicin, a yayyafa ruwa, a juya duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ɗoyinsa ya tafi. Sannan a shimfiɗa shi kaurin yatsu uku, a cuɗa shi da ƙasa zurfin taƙi guda. Ba aikin shekara ɗaya ba ne. Kowace shuka sai an ƙara, domin zafin Khartoum yana cinye taki da sauri.

Lokacin haƙa ma yana da hukunci. A damƙi ƙasar a hannu: in ta dunƙule tana sheƙi, a bar ta; in ta marmashe, lokaci ya yi. Laka da aka taka tana jiƙe sai ta yi shekara ba ta yafe ba, saboda haka a ɗaga kunya mai faɗin mita ɗaya, a bar hanya a gefe, a hana yara bi ta kai. Inda aka ga farin gishiri a fuskar ƙasa, kimanin rabin kilo na jibis a kowace murabba'in mita yana taimakawa, muddin ruwa na da mafita. Farar ƙasa ta gini ba ta maye gurbinsa.

Jan kunne ɗaya, kuma ba na wasa ba: duk gidan da aka bari lokacin faɗa, a duba shi da ido kafin a sa diga. Ƙarfen da ba a san shi ba, kada a taɓa, a sanar da hukuma.

A fara da lalo da kuɓewa da rama, masu jure zafi, a lulluɓe gindinsu da busasshiyar ciyawa don kada fuskar ƙasa ta yi ɓawo. Tumatir da albasa da jarjir su jira sanyin Nuwamba; wanda ke son su, tun Agusta ya kamata ya haƙa ramin takinsa.