Faɗan majo da dalilinsa

Jama'a, duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibitin jahar Agadez ya san wadda muke kira majo, shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin kwanciya. Wasu na ganin faɗanta ya yi yawa: ta kori taro daga bakin gado, ta ce a wanke hannu kafin a taɓa mai rauni. To, ba rashin kunya ba ne.

A shekarar 2022 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali, cikin mutum 100 da aka kwantar, 15 na kamuwa da cutar da ba su zo da ita ba, a ƙasashe masu arziki kuwa 7. Sau da yawa hannu ne ke kai ta gado zuwa gado. Wannan faman tsabta ma tsoho ne, tun 1854 Florence Nightingale take yinsa a asibitin sojan Ingila a Turkiyya.

Ke kuwa hajiya da kika taso daga kasuwa da kwanon tuwo, hannunki ya sha kuɗi tun safe. Sabulu da ruwa tukuna, sa'an nan ki ɗauki jariri. In majo ta ce mutum biyu kawai, sauran su jira waje.