Ƙarfe a Cikin Ƙwaƙwalwa: Amsar Tambayar Wata 'Yar Aji Biyar

A zangon karatu na biyu, muna cikin darasin jijiyoyi da 'yan aji biyar, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ke sa tsoho ya manta da 'ya'yansa?" Da muka bi ba'asi, ashe kakarta ce. Tsohuwar ta yi shekara da shekaru tana sayar da shinkafa a kasuwar Gulma, ba a taɓa cin ta ko kwabo a lissafi ba. Yanzu kuwa sai ta tashi da tsakar dare ta ɗaure kayanta, wai za ta gidan ubanta, wanda ya rasu tun ba a haifi uwar yarinyar ba. Wata rana da asuba aka tsince ta a bakin fadama. Tun daga nan yaran unguwa suka shiga gudunta, waɗansu manya kuma suna raɗa cewa mayya ce.

Mun ce wa ɗalibarmu gigin tsufa ne, amma mu kanmu mun san suna kawai muka ba abin. Shi ya sa muka zauna muka yi karatu a lokacin hutu, ga kuwa abin da muka samo.

Da farko dai, ba kowane tsoho ke ruɗewa ba. Kowannenmu ya san dattijo ɗan shekara tamanin da zai lissafa maka iyakar gonakin garin nan kaf. Wanda ya ruɗe ciwo ne ya kama shi, mafi yawa kuma shi ne wanda likitoci ke kira cutar Alzheimer. Sunan wani likitan Jamus ne, Alois Alzheimer. A 1901 aka kawo masa wata mata 'yar shekara 51 da ta fara manta kome. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga abu biyu. A tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai waɗansu dunƙule-dunƙule kamar gudajin tuwon da bai tuƙu ba. A cikin ƙwayoyin kuma akwai zaruruwa da suka cukurkuɗe, kamar homar masunci da yara suka yi wasa da ita. Sai wajen shekara tamanin bayan haka aka gane cewa furotin iri biyu ne. Na gudajin ana kiransa amiloyid, na zaren kuma tau. Dukansu akwai su a kan mai lafiya. Tambayar ita ce, me ke sa su curewa?

A nan ne maganar ƙarfe ta shigo. Kada ku yi mamaki, gama kowannenmu yana yawo da ƙarfe a jikinsa. Babban mutum yana da baƙin ƙarfe kimanin giram 3 zuwa 4, watau nauyin ƙusa guda, da tutiya giram 2 zuwa 3, da jan ƙarfe wajen kashi ɗaya cikin goma na giram. Ba a dunƙule suke ba, a narke suke kamar gishiri a miya. Baƙin ƙarfe ne ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Jan ƙarfe yana taimakon ƙwayoyin jiki su ƙona abinci su sami ƙarfi. Tutiya tana da aiki a mahaɗar da ƙwayar ƙwaƙwalwa ke miƙa wa 'yar'uwarta saƙo. Ita ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, amma tana shan kusan kashi 20 cikin ɗari na oksijin. To, ku da kuke noma kun san abin da ke samun fartanyar da aka manta a fadama. Inda ƙarfe da iska da laima suka haɗu, tsatsa ba ta da nisa. Irin wannan aikin yana faruwa a cikin kai, sai dai jiki yana da furotin masu riƙe ƙarfen gam don kada ya yi ɓarna. In shekaru suka ja, riƙon yakan yi sako-sako.

An daɗe da sanin cewa ƙarfe yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. A 1837 wani likita a Sukotilan, John Couper, ya ba da labarin ma'aikata masu niƙa dutsen manganis waɗanda tafiyarsu da maganarsu suka lalace. A 1912 Kinnier Wilson ya bayyana wata cutar gado mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa, daga baya aka gane jan ƙarfe ne ke taruwa. A 1994 kuma wani likita ɗan Ostireliya, Ashley Bush, yana aiki a Amurka, ya nuna cewa in an zuba tutiya kaɗan a kan amiloyid, nan da nan sai ya cure.

Wanda labarinsa ya fi jan hankalinmu kuwa ɗan arewa ne kamarku, Dakta Mahmoud Bukar Maina, mutumin Nguru a Jihar Yobe. Ya karanta ilmin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, ya gama a 2007. Ya yi aiki a Jami'ar Jihar Gombe, sa'an nan a 2011 ya tafi Jami'ar Sussex a Ingila. Can ya yi digiri na biyu, ya kuma yi na uku a ɗakin binciken Farfesa Louise Serpell, ya kammala a 2017. A lokacin galibi ana kallon tau a matsayin abin da ke tallafe dogayen rassan ƙwayar ƙwaƙwalwa, kamar azara a rufin soro. Aikinsa na digiri ya nuna cewa akwai tau har a can cikin cibiyar ƙwayar, a wurin da ake harhaɗa 'yan injunan da ke ƙera furotin, kuma yana da aiki a can.

Daga nan ya juya kan jan ƙarfe. Kun san ruwan nan mai kumfa da ake wanke gyambo da shi a asibiti, wanda muke kira haidirojin? Jikinmu ma yana yin ɗan kaɗan daga cikinsa. In ya haɗu da jan ƙarfe a kusa da amiloyid ko tau, sai su manne furotin biyu wuri ɗaya, kamar yadda mai walda ke haɗa rodi da rodi. Kowa zai zaci waldar nan ita ce ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Abin da Maina da abokan aikinsa suka buga a 2020 ya saɓa wa wannan zato. Amiloyid ɗin da aka yi wa walda tun da wuri sai ya tsaya cak, ya daina taruwa, kuma bai kashe ƙwayoyin da aka raina a faranti ba. Wanda ke kan hanyar curewa shi ne mai dafin. A 2022 kuma suka nuna cewa akwai irin wannan walda a zaren tau da aka ciro daga ƙwaƙwalwar waɗanda cutar ta kashe, kuma tana ƙara masa tauri. Watau ƙarfen yana da hannu a cikin al'amarin, amma ba kullum ne yake ɓangaren ɓarna ba.

Mu malamai muna son irin wannan sakamako, domin kullum muna faɗa muku a ɗakin gwaji cewa ku rubuta abin da kuka gani, ba abin da kuke tsammanin Malam yana so ba. Manyan masana ma ba su tsira daga wannan darasi ba. Da aka ga baƙin ƙarfe yana taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar karkarwa, wadda ake kira cutar Parkinson, sai aka ce a ba su maganin da ke tsamo ƙarfe daga jiki. An gwada wani mai suna deferiprone a kan mutum 372 a ƙasashen Turai, likitocin Faransa ne suka ja gaba. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ƙarfen ya ragu, amma ciwon ya ƙaru. A 2024 aka ba da sakamakon gwajin maganin a kan masu cutar Alzheimer 81 a Ostireliya, su ma mantuwarsu sai ta ƙara sauri. Ashley Bush da kansa yana cikin waɗanda suka yi gwajin na biyu, kuma suka buga shi yadda ya zo. Miya dai in gishiri ya yi yawa ba ta shawuwa, in aka tsame shi duka ma haka.

Akwai wani abin da ya dami Maina. Kusan duk abin da aka sani game da cutar nan a jikin Turawa aka gano shi. Alhali kuwa binciken da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatan birnin Indiyanafolis a Amurka, ya sami ruɗewar tsufa a wajen kashi 2 cikin ɗari a Ibadan, a can kuwa kashi 8. Don haka a 2021 ya kafa cibiyar bincike da horarwa mai suna BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, Damaturu, da manyan madubai irin waɗanda a da sai an ƙetare teku ake taɓa su. Cikin manufofinta akwai raina ƙwayoyin ƙwaƙwalwa daga jikin mutanenmu domin a ga yadda cutar ke aiki a kansu.

To, mu a nan wane ƙarfe ya kamata mu ji tsoro? Waɗansu sun ji a rediyo cewa tukunyar alminiyum na kawo mantuwa. An yi ta bincike tun daga 1965, ba a tabbatar da haka ba. Wanda babu gardama a kansa shi ne dalma, gama ita jiki ba ya bukatarta ko ƙwaya. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na maƙwabciyarmu Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, yara sama da 400 suka mutu. Dutsen zinariya mai dalma ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Da yawa daga waɗanda suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Muna ambaton wannan ne domin a jiharmu ma, wajen Yawuri, ana haƙar zinariya, kuma mun san waɗansunku na leƙawa can da hutu. Kada ku shigo da dutsen gida, kada kuma ku ɗauki ƙanenku da rigar da kuka yi aiki da ita.

Dalma tana shigowa ta ƙofofin da ba a zato. Kwallin gargajiya na dutse, wanda ake ranɗa wa jarirai, galibi dutsen dalma ne. Wani da aka auna a Amurka, bayan an sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, kashi 82 cikin ɗari nasa dalma ce. Ita kuma tukunyar da maƙera ke zubawa daga tsofaffin ƙarafa, wadda muke kira tukunyar dalma ko da yake alminiyum ce, wani bincike a Kamaru a 2014 ya nuna tana iya sakin dalma ta gaske a abinci, in an narka ta da tarkacen mota.

Sai mu koma ga kakar ɗalibarmu. Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer. Amma wani kwamitin masana ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na ruɗewar tsufa yana da alaƙa da abubuwan da ake iya gyarawa, kamar hawan jini, ciwon sukari, shan taba, rashin ji, buguwa a ka, da ƙarancin karatu tun yarinta. Mun ba iyayen yarinyar shawara, suka kai tsohuwar asibiti a Birnin Kebbi. Aka tarar tana da hawan jini, aka sa ta a kan magani. Mantuwar ba ta tafi ba. An dai sa wa ƙofar gida sakata ta sama, an ɗinka sunan unguwa a bakin zanenta, mai unguwa kuma ya ja wa yara kunne. Ɗalibarmu ta ce in aka ajiye wa kakar faifai da shinkafa, har yanzu tana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuskure.